Langa Mai Murfi

Sefa dubu ashirin da biyar na ƙirga wa Bakari
ran da ya hau rufinmu a Yelwan Garwa,
ya kafa sanda, ya zuro igiya ta taga,
ya ɗora farin akwati kan kabad ɗin Dudu,
ya ce, "Baba, duniya ta shigo gidanka."

Duniyar kuwa mai jan aji ce.
Ba ta zuwa sai dare ya raba,
bayan kwaɗin Binuwai sun gaji da kuka.
Da rana fitilar akwatin ja wur,
kamar idon wanda aka tasa daga barci.
In hadari ya haɗo ta wajen Pitowa, ta gudu.
In an ɗauke wuta, ta gudu.
In ba abin da ya faru ma, ta gudu,
ta bar mini zobe yana juyawa kan gilashi,
yana juyawa,
kamar akuya a turke.

Na kira ofishinsu.
Wata murya ta ba ni haƙuri da Faransanci,
ta maimaita da Fillanci,
haƙurin dai guda ne, riga ya sauya.
Amma saƙon biyan kuɗin wata
bai taɓa ɓatan hanya ba.

Na haddace duk lungun da rezo ke laɓewa:
bayan randa, gindin lemun tsami,
mataki na uku na tsanin da Bakari ya manta.
Nan nake tsaye, hannu a sama
kamar mai rantsuwa gaban alƙali,
ran da Hamajam ya saki bango
ya yi taku huɗu zuwa tabarmar kakarsa.
Na ji guɗa. Na waiwaya.
Ya riga ya zauna daɓas yana dariya.
Abin da na hau tsani nema kuwa,
bidiyon wani mutum ne a wata ƙasa
yana yanka kankana da zare.

Inna Tambai ba ta ce uffan ba.
Ta dube ni, ta dubi tsani,
ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.
Da ma zagina ta yi.

Daren nan na sauko da langar auren Dudu,
mai shuɗin fure, wadda tuwo bai taɓa shiga ba,
na sa wayar ciki, na rufe.
Daga magariba zuwa asuba,
haka na yanka wa kaina.

Ba zan yi ƙarya ba.
Daren farko babban yatsana ya yi ta shafar gwiwa
yana neman abin turawa sama.
Na ji motsi a aljihun da ba komai.
Dare na uku na ɗaga murfin a sace,
langa ta yi ƙara, ta tona ni.
Dudu ta ce daga ɗaki, "Ɓera ne?"
Na ce, "Ɓera ne."
Ta ce, "Mai gemu?"

Yau mako biyar.
Ashe Inna tana da labarin jiragen ruwa
da ke zuwa tashar Garwa da damina ɗaukar auduga.
Ta ce ai ta sha ba ni,
ina "uhm, uhm" kaina a sunkuye.
Ashe akwai tabo a haɓar Hamajam
da ban san ranar da ya faɗi ba.

Da safe ina buɗe langa.
Masu kekunan ɗinki na tambayar ko na gama gyara,
ƙanena a Injamena ya turo murya.
Ban ce a jefa ta kogi ba.
Wuƙa ma ana mayar da ita kube.

Akwatin na nan kan kabad.
Jiya da dare fitilunsa uku suka yi kore shar,
karon farko tun bayan babbar salla,
suna ƙiftawa, suna yafito ni.
Hamajam na barci a kan cinyata.
In na motsa zai farka.